Jakar goyo mai sola da ruwan sama: me ke shiga, me ba ya shiga?

Irin jakar nan ta goyo mai farantin sola a baya ta fara yawa a hannun mutane, ɗalibai da masu aikin zagaye ƙauyuka da masu ɗaukar hoto, duk wanda dai yake yini a waje kuma ba shi da tabbas ɗin wuta. Ba sabon abu ba ne sosai, kamfanin Voltaic Systems na Amurka ya fito da tasa tun 2004. Da zarar damina ta kankama sai tambayoyi su taso a kan ruwa, ga waɗanda aka fi yi.

In ruwa ya dake ni ina goye da ita, farantin solar zai lalace?

Farantin shi ne ma abin da ya fi komai jure ruwa a jikin jakar. Ƙwayoyin da ke kama hasken rana a manne suke tsakanin ledoji masu kauri da aka gasa su suka haɗe, ruwan sama ba ya ratsa su. Sai dai ledar saman iri biyu ce, akwai PET akwai ETFE. PET ita ce mai araha, in ta sha rana ta kan yi ɗorawa ta dushe har gefenta ya fara ɗagowa, to ta nan danshi ke samun hanya. ETFE ta fi tsada kuma ta fi daɗewa nesa ba kusa ba. In mai kaya bai san wacce ce a jikin jakarsa ba, ka ɗauka PET ce kawai.

To in ba farantin ba, ina matsalar take?

Wuri huɗu, kuma duk ba a cika nuna su a hoton talla ba. Ɗinki, zif, hujin da wayar sola ta bi ta shiga cikin jaka, sai kuma bakin USB ɗin nan da suke fito da shi waje a gefe wai don ka jona waya kana tafe.

Ɗinki dai kowa ya sani, duk inda allura ta bi ta bar kafa, kuma farantin kansa a jakunkuna da yawa ɗinke shi aka yi a jikin yadin, wato an zagaye shi da ɗaruruwan ƙananan kafofi daidai inda ruwa ke gangarowa. Masu aikin kirki sukan liƙa tef ta ciki a kan ɗinkin, ka juya jakar ka duba da idonka. Zif kuwa ko mai rufin roba ne irin AquaGuard na kamfanin zif na YKK yayyafi aka yi shi ya tare, ba ruwan Agusta mai zuwa kamar da bakin ƙwarya ba, kuma can ƙarshensa inda kan zif ɗin ke tsayawa kusan kullum akwai 'yar ƙofa.

Amma wanda ni na fi jin haushinsa shi ne bakin USB na waje. Ruwa in ya shiga wurin alhali akwai wuta a layin, ƙarafan ciki su kan fara cinyewa nan da nan, ka ga wani kore-kore ko fari-fari ya fito, daga nan caji ya dinga ɗaukewa yana dawowa, mutum ya yi ta zagin kebul ɗinsa yana sayen sabo. Gaskiya da ni zan zaɓa, jakar da ba ta da wannan bakin ta fi min.

An rubuta waterproof a jikin kwalin, hakan bai isa ba?

Bai isa ba ɗan'uwa, kowa ma yana iya buga wannan a kwali. Abin da ake dubawa shi ne lambar IP, wani ma'auni ne na duniya mai suna IEC 60529. Za ka ga IP sai lamba biyu, ta farko ta ƙura ce daga 0 zuwa 6, ta biyu ta ruwa. In ka ga X a gurbin ɗaya to ba a gwada wannan ɓangaren ba, ba wai sifili ba ne.

IPX4 fantsamar ruwa ta kowane gefe yake ɗauka, wato yayyafi da ruwa mai ɗan dama. IPX5 da IPX6 ruwan da aka feso da ƙarfi ta tiyo. IPX7 kuma shi ne a tsoma abu cikin ruwa zurfin mita 1 har minti 30 bai sha ba. IP67 kenan ƙura ba ta shiga sam kuma yana jure wancan tsomawar, wanda ga mai yawo a hunturu lambar ƙurar ma abin dubawa ce.

Ga inda ake yi wa mutane wayo. Sai a rubuta IP67 da manyan baƙi, kana karanta ƙananan rubutun sai ka ga farantin sola kaɗai ake nufi, jakar da batirin babu wanda ya gwada su. Ka tambaya lambar ta wane ɓangare ce.

Akwai wadda ruwa ba ya shiga kwata-kwata?

Akwai, amma siffarta daban ce. Yadinta kamar tamfol yake, an shafe shi da roba irin TPU ko PVC, ba a ɗinka shi, narka gefunan ake yi da inji su manne, kuma bakinta naɗe shi ake yi sau uku a ɗaure da maƙalli maimakon zif. Masu shiga kwalekwale da ita suke amfani. Matsalar ita ce da wuya ka samu irinta da sola a jiki, don da ka huda ta ka shigar da waya ka ɓata abin da ya sa aka saye ta. Yawancin masu sola yadin nailan ne ko foliyesta da aka shafa wa roba ta ciki aka fesa wa maganin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare ta waje, wannan feshin kuma ƙarewa yake da rana da goga da wanki.

To ni da na riga na saya, ya zan yi da laftof ɗina da waya?

Ka ɗauka jakar za ta yi yoyo, ka shirya a kan haka. Laftof da fawa banki da waya kowanne ya shiga ledarsa mai zif ko ƙaramar jakar naɗewa kafin ya shiga babbar jaka. Ko baƙar leda mai kauri ka shimfiɗa a ciki ka murɗe bakinta ta yi aiki, kar ka raina ta. Kada ka sa laftof a can gindi don nan ruwan da ya shigo yake taruwa, musamman in ka ajiye jakar a ƙasa mai laima.

Ka sayi rigar ruwan jaka, irin mai roba a baki da ake lulluɓa mata. Wani zai ce ai za ta rufe solar, eh za ta rufe, amma da hadari ya haɗu abin da farantin ke bayarwa ya riga ya faɗi ƙasa sosai, babu wata asara. Dama ko da rana tsaka farantin jaka ƙarami ne, yawanci wat 5 zuwa 10, batirin waya mai 5000mAh kuma wajen awa huɗu zuwa biyar na rana mai kyau zai ci a farantin wat 7, in ma ba ka tafiya kana kawar da farantin daga rana. Don haka cajin minti ashirin a cikin ruwa bai kai a yi kasadar fawa banki a kansa ba. Hadari na tasowa ka zare kebul ɗin duka. A kan babur kuma ka ninka hattara, gudu yana tura ruwa cikin zif da ƙarfin da tafiyar ƙafa ba ta yi.

Na buɗe jakata na ga danshi alhali ko ɗigo ba a yi ba, daga ina?

Ko gumin bayanka ne ya ratsa, ko kuma iska mai laima ce ka kulle a ciki da rana, da dare ya yi sanyi ta koma raɓa a jikin kayan. Gumi ma ya fi ruwan sama ɓarna saboda gishiri. Jakar da ta fi toshewa ita ta fi riƙe wannan danshin, kuma ita ta fi riƙe zafi, nan ne abin yake da sarƙaƙiya, don batirin litiyam ba a so a yi cajinsa in zafinsa ya wuce digiri 45, ga shi a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu inuwa ma ta kan haura 40, ballantana cikin baƙar jakar da aka shanya a rana. In za ka shanya ta caji, miƙa kebul ɗin yana jone ka sa fawa bankin a inuwa, jakar kaɗai ta sha ranar. Waɗannan ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi ka daina zubar da su, jefa biyu uku a ledar kayan wutarka, da dare kuma ka bar jakar a buɗe ta sha iska.

Fawa bankina ya jiƙe, in binne shi a shinkafa?

A'a. Shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ke can ciki, sai ma ƙura da gutsattsarinta su toshe bakin caji, kamfanin Apple da kansa ya ce kar a sa iPhone a shinkafa. Ka zare komai, ka goge, ka kifa bakin ƙasa ka ɗan bubbuga shi a tafin hannu, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana ɗaya ko biyu kafin ka jona. Ban da rana kai tsaye ban da kusa da murhu. In ya kumbura ko yana zafi shi kaɗai ko yana wani wari, ya gama aiki, kar ka huda shi kar ka kwana da shi a ɗaki.

Ta yaya zan gwada tawa kafin damina?

Cire batir da duk wani kayan wuta, cusa tsofaffin takardu a kowane aljihu, rufe zif, rataye ta yadda take zama a bayanka ka yi ta kwarara mata ruwa da buta ta sama na 'yan mintuna. Takardar da ta jiƙe ita za ta nuna maka wurin. In ɗinki ne ko hujin waya, gam ɗin silikon kaɗan ta ciki yana toshe shi, ka bar shi ya kwana ya bushe. Wanki kuma da tsumma mai laima kawai, ban da jiƙa ta a omo ban da injin wanki, don su ne ke cinye feshin waje su kuma karya wayoyin da ke bayan farantin.