Amsoshin tambayoyinku kan MTN, NCC da jinkirin intanet

Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025 nake amsa tambayoyi iri ɗaya, har bakina ya gaji. Ga su nan na tara wuri guda. A daure a karanta kafin a sake tambaya.

MTN ne ya mallaki intanet ɗin Nijeriya?

A'a. Amma fiye da rabin layukan da ke aiki a ƙasar nasa ne. Airtel na biye, sai Glo, sai 9mobile (wanda ya koma T2 a 2025) can baya.

To laifi ne kamfani ya fi kowa girma?

Girma ba laifi ba ne. Danne na ƙasa da shi ne laifi. Dokar sadarwa ta 2003 ta bai wa NCC, hukumar kula da kamfanonin sadarwa, ikon ayyana kamfani a matsayin mai rinjaye a kasuwa, ta kuma ɗora masa sharuɗɗan da ba su hau kan sauran ba.

Ai an taɓa cin MTN tarar fiye da naira tiriliyan ɗaya, me ya canja?

Don Allah a daina haɗa hanci da gaɓa. Tarar 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba ce, kuma daga baya an rage ta zuwa biliyan 330. Ba ruwanta da gasa, ba ruwanta da saurin data.

An taɓa amfani da wancan ikon na NCC kuwa, ko a takarda ya tsaya?

An yi, a 2013. NCC ta ce MTN ne ke da rinjaye a kasuwar kira, ta umarce shi ya daidaita kuɗin kira tsakanin layukansa da na kiran wani layi. Masu shekaru za su tuna lokacin da ake cewa "kira ni ta MTN, ya fi sauƙi". Wannan rangwamen ne ya ɗaure mutane a layi ɗaya, domin duk danginka suna can. NCC ta kuma ce MTN da Glo ne suka riƙe kasuwar sari ta manyan igiyoyin sadarwa da ƙananan kamfanoni ke haya. A kasuwar data kuwa ba ta ga mai rinjaye ba a lokacin. Amma 2013 daban, yau daban. A ganina can ya kamata a sake leƙawa.

Me ya hana a raba shi gida biyu kamar yadda aka yi wa BT a Birtaniya?

BT kamfanin tarho ne na gwamnati tun asali, ya gaji wayoyin da suka shiga kusan kowane gida. Shi ya sa a 2006 aka ware ɓangaren wayoyin, aka kira shi Openreach, aka ce ya sayar wa kowa a farashi ɗaya. Takwaransa a nan NITEL ne, kuma kun san yadda ya ƙare. MTN a 2001 ya shigo, da kuɗinsa ya kafa turakunsa na sabis. Abin ɗauka daga Birtaniya guda ne: mai riƙe da igiya ya sayar wa kishiyoyinsa ba tare da ya tsuga musu kuɗi ba.

Ni dai a Gusau nake, me ya sa bidiyo ke ta juyi ba ya buɗewa?

Saboda intanet ɗinka daga teku yake tasowa. Igiyoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, Equiano ta Google ta sauka a 2022. A bakin teku kaya ya wadata, jawo shi arewa ne aiki. A yawancin jihohi, kowace mita ta ramin igiya sai an biya jiha kuɗin haƙa. Tun 2013 aka amince da naira 145 kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020. Ga masu aikin titi da ke tsinke igiya da katafila, ga tsadar dizal ɗin injinan turaku, ga wuraren da ma'aikata ke tsoron shiga gyara. Kafin ka gama zagin kamfani, ka tambayi gwamnanka nawa yake karɓa.

NCC ta tilasta musu rage kuɗin data mana!

Da sauƙi a baki. A ƙarshen 2016 akasin haka ma ta so yi, wato ta sa iyakar da farashi ba zai sauka ƙasa da ita ba, don kada manya su karya kasuwa su kashe ƙanana. Jama'a suka yi ca, aka janye. Haushin jama'a na kan hanya, amma tsoron hukumar ba shirme ba ne.

To in bar layina in koma wani, shi ne mafita?

Nan ne ba ni da amsa guda. Ya danganta da unguwarka, har ma da ɗakin da kake zama. Komawar dai ba wuya: tun 2013 kana iya tafiya da lambarka, ka je ofishin kamfanin da kake so da katin shaidarka su yi maka. Sai dai ka sani, yawancin turakun nan ba na kamfanonin layi ba ne yanzu, na kamfanonin turaku irin su IHS ne, su ke ba da haya. Sau da yawa layi biyu ko uku a kan ƙarfe ɗaya suke, in wuta ta ɗauke a wurin duk tare za su yi shiru. Wani lokacin ma igiyar da ke ciyar da su ɗaya ce. Kuma a 2025 an amince 9mobile ya riƙa hawa kan hanyoyin MTN, ka ga kana iya gudu ka tarar da abin da ka guje wa.

A ɗaya gefen, layin da kowa ya ruga kansa ya fi cunkushewa bayan Magariba, ƙaramin da aka raina kuwa yana iya ba ka mamaki a cikin gari. Da ka fita ƙauye kuma labari na iya juyewa. Abin da nake gaya wa mutane: ka ari layin maƙwabci ko ka sayi data kaɗan, ka gwada kwana uku a wurin sana'arka, safe da dare. In POS kake yi, kada ka yar da tsohon, riƙe biyu. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ya shigo tun 2023 kuma bai dogara da ramin titinku ba, amma kuɗin na'urar da na wata-wata ya fi dacewa da makaranta, asibiti ko shagon kwamfuta. Ko da hakan, ban ce lallai za ka ga bambanci ba.

Ƙorafi ga NCC yana da amfani?

Kwantar da hankalinka, yana da shi, ko da ba nan take ba. Fara da kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafinka. In sun yi biris, kira 622, kyauta ne. Kada ka kira ba tare da lambar nan ba, ita za su fara tambayarka.