Kiɗan Rasha na ƙarni na 19 bai tsiro shi kaɗai ba

An daɗe ana ɗauka cewa kiɗan manyan ƙungiyoyin makaɗa da ya bunƙasa a Rasha a ƙarni na 19 daga waƙoƙin karkara kawai ya samo asali, bai aro komai daga Yammacin Turai ba. Wannan kuskure ne.

Mikhail Glinka, wanda ake kira uban wannan kiɗa, ya zauna a Italiya daga 1830 zuwa 1833, sannan ya wuce Jamus ya yi karatun tsara kiɗa a wurin Siegfried Dehn. Sai a 1848 ya haɗa waƙar biki da kiɗan rawar manoman Rasha cikin wani kiɗa nasa mai suna Kamarinskaya, yana ta maimaita karin rawar yayin da kayan kiɗan da ke rakiyarsa ke sauya salo, kuma a ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa fili.

Hatta rukunin masu tsara kiɗa biyar na Rasha da Balakirev ya jagoranta, masu alfahari da kishin ƙasa, sun yi koyi da Schumann na Jamus da Liszt na Hungary, kuma ɗaya daga cikinsu, Rimsky-Korsakov, ya nazarci littafin Berlioz, Bafaranshen da ya ziyarci Rasha a 1847 da 1867, kan rarraba sauti tsakanin kayan kiɗa.