Mai Ciwon Suga da Aka Sa wa Ranar Tiyata: Gyaran Abinci Kafin Aiki

Wannan magana ta masu ciwon suga ce da likita ya ce za a yi musu aiki, ko na ƙaba, ko yanar ido, ko ƙarin mahaifa. Mu ma'aikatan lafiya a nan Katsina mun saba ganin mutum ya sha wahala ya haɗa kuɗi, ya taso tun daga Jibiya ko Mashi da mai jinyarsa da tabarmarsa, a auna suga a ga ya hau, a ce ya koma gida sai ya sauka. Wasu sukan tafi da fushi, suna ganin wulaƙanci ne. Wallahi ba wulaƙanci ba ne, gata ne.

Suga idan ya yi yawa a jini yana raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, yana kuma hana nama haɗewa da wuri. Sai ɗinki ya ƙi kamawa, wurin ya yi ruwa, ya tara mugunya, kwanciyar kwana biyar ta koma ta makonni. Ita kanta tiyatar tana ta da suga, domin jiki idan ya ji yanka yakan saki sinadaran da ke sa hanta ta zubo suga cikin jini. To wanda ya shiga ɗakin aiki da suga a sama, ina kuma ga bayan an taɓa shi?

Shi ya sa likitoci ke son suga ya tsaya tsakanin 6 zuwa 10 a na'urar awon suga a lokacin aiki, ko kuma kada ya wuce 180 ga masu na'urar da ke ba da manyan lambobi. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, galibi ana son ya kasance ƙasa da kashi 8, wasu asibitocin kuma 8.5. Wannan gwajin ba a yi masa wayo. Ka ƙaurace wa tuwo kwana uku kafin ranar, ba zai sauya komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka ce za a yi maka aiki, ranar za ka fara gyara kwanonka.

Abin sha shi ne na farko, don shi ya fi saurin hawar da suga. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan cokalin shayi tara na sukari. Haka zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa, da shayin mai shayi da aka labta wa madarar gwangwani. Sai lemon malt, wanda 'yan uwa ke kawowa katan-katan wai a ƙara jini kafin aiki. Ba ya ƙara jini, suga yake ƙarawa. Zuma ma sukari ce a jikin mai wannan ciwo, duk da albarkarta, haka dabino idan aka ci da yawa, balle rake.

Fura fa? Na san nan ne ake jin zafin maganar, don Bakatsine da Badauri ba sa wasa da damu. Ban ce a daina ba. A rage furar zuwa ƙaramin curi, a yawaita nono, kada a sa sukari, kuma kada a ɗora ta a kan tuwo a zama ɗaya.

Tuwo kuwa, yawansa ne matsalar fiye da irinsa. Akwai kuskuren da ya yaɗu: an ce wa mutum alkama da acha abincin masu suga ne, sai ya zauna ya tashi da malmala uku ta tuwon alkama hankalinsa kwance. Alkama, acha, dawa, gero, masara, shinkafa, duk suga suke komawa a ciki. Wanda ba a surfe shi tas ba ya ɗan fi, domin dusar tana rage saurin hawan, amma ƙa'idar ita ce malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka. Uwargida, ki duba farantin Malam kafin ki miƙa: rabinsa ya zama ganye, irin kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, ko kabeji da gurji da yalo, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko awara ko nama, ragowar ne na tuwo. A cika miyar kuka ko kuɓewa. Kada a raina waken nan da kifin, da su jiki zai gina naman da zai rufe ciwon, sai dai mai ciwon ƙoda ya tambayi likita adadin da ya dace da shi. Da safe alale ko ƙwai sun fi koko mai sukari da burodi. Bayan cin abinci a ɗan taka na minti 10 zuwa 15 idan jiki ya yarda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu horar da kansu da yunwa. Mutum yana shan maganin suga irin glibenclamide ko yana allurar insulin, sai ya daina cin abinci don suga ya sauka da sauri. Suga na iya faɗuwa ƙasa da 4, wato 70, ya fara karkarwa, gumi, jiri, har ya suma. Idan haka ta faru yana cikin hayyacinsa, a dama masa cokalin shayi uku na sukari a ruwa ya sha, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. A ci sau uku a kan lokaci. Mai azumin Litinin da Alhamis ya shawarci likita tukuna.

Masu jiƙe-jiƙen ɗaci kuma, ku faɗa wa likita duk abin da kuke sha, don haɗuwarsa da maganin asibiti na iya kayar da suga ba shiri. Kada ka tsayar da magani ko ka ƙara da kanka. Likita ne zai ce ga yadda za a yi da ƙwayar maganin suga ta metformin ko insulin ranar aiki, kuma akwai sababbin magunguna irin su empagliflozin da ake dakatarwa kwana uku kafin tiyata.

Idan kana da na'urar awo, auna da safe kafin karin kumallo da kuma awa biyu bayan abinci, ka rubuta a takarda ka je da ita. Lambar safe ana son ta tsakanin 4.4 zuwa 7.2, wato 80 zuwa 130 a na'ura mai manyan lambobi. Idan ka gyara abinci amma ta ƙi sauka, kada ka jira ranar aiki, koma asibiti a duba maganin. Daren jajibirin aiki ka ci abincinka daidai, ka bi lokacin da aka ce ka kame baki, wanda yawanci awa shida ne kafin a shiga da kai. Ka roƙi a sa ka cikin 'yan farko da safe don kada yunwar ta yi tsawo, kuma da ka ji jiri kana jira, kira ma'aikaciyar jinya ta auna ka nan take.