Diyyar allurar rigakafi a Amurka: wa zai kawo hujja?

Tun 1986 Amurka ke da dokar biyan diyya ga wanda allurar rigakafi ta yi wa illa. Mai koke ba kamfanin magani yake fara kai wa ƙara ba. Kotun tarayya ta musamman yake nufa, kuma ana biyan diyyar ne daga harajin santi 75 da ake karɓa kan kowace cutar da allura ke karewa. Ba a buƙatar nuna cewa wani ya yi sakaci. Babban abin da ake fafatawa a kai shi ne: shin allurar ce ta jawo ciwon?

Akwai jadawali na illolin da aka riga aka amince da su, kowace da wa'adinta. Idan mutum ya kamu da cutar Guillain-Barré, mai shanye jijiyoyi, tsakanin kwana 3 zuwa 42 bayan allurar mura, ko hanjin jariri ya naɗe cikin kwana 1 zuwa 21 bayan rigakafin rotavirus (ƙwayar cutar da ke sa yara gudawa), doka ta ɗauka allurar ce sila. Sai dai gwamnati ta kawo hujjar wani dalili daban.

Wahalar tana wajen ciwon da ba ya cikin jadawalin. Hukuncin shari'ar Althen na 2005 ya ce dole mai koke ya kawo bayanin likitanci na yadda allurar za ta iya haifar da irin wannan ciwo, ya nuna cewa hakan ne ya faru a jikinsa, kuma tazarar lokacin ta dace. Cewa ciwo ya biyo bayan allura bai isa ba, domin kullum ana yi wa dubban mutane allura, wasunsu kuma da ma za su kwanta.

Amma kotu ba ta neman tabbacin kimiyya ɗari bisa ɗari. Rinjayen hujja take dubawa, ko da da ɗan kaɗan ne, kuma ra'ayin likitan da ya yi jinyar mutum yana da nauyi. A ganina wannan adalci ne: illar da ba ta samun mutum ɗaya cikin dubbai da wuya a samu babban bincike a kanta, bai kamata a hana iyali haƙƙinsu saboda haka ba.

Mai koke na da shekara 3 daga bayyanar alamar farko ta ciwon don ya shigar da ƙara. Allurar korona kuwa tana ƙarƙashin wani tsari daban mai tsauri, inda wa'adin shekara 1 ne kacal.