Dakashi ba gurɓataccen nono ba ne

Tun kaka da kakanni ake cewa nonon farko na mai jego, wato dakashi, bai da kyau, sai a matse a zubar, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har farin nono ya kawo. Iyayenmu don kare jinjiri suke yin haka, ganin kaurinsa da launinsa rawaya.

Amma wannan kaurin shi ne amfaninsa. Dakashi cike yake da sinadaran garkuwar jiki da ke kare jariri daga gudawa da sauran cututtuka, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Kaɗan yake zuwa, gaskiya ne, sai dai cikin jariri a ranar farko bai ɗaukar abin da ya wuce kamar cokalin shayi a lokaci guda. Shi ya sa ake so a sa shi a nono cikin awa 1 da haihuwa. Tsotson ma yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Uwa za ta iya dubawa da kanta ko nonon yana isar jariri: zuwa kwana 5 kashin ya koma rawaya, jariri yana jiƙa ƙunzugu kamar sau 6 a rana. Idan ba haka ba, a garzaya asibiti. Ranar awon ciki ma a tambayi ungozoma.

Don Allah a tura wa masu juna biyu, da surukai da kakannin da za su zauna jego.