Tsakuwar ƙoda: tsirrai na taimako, amma ba kowane ganye ba

Duk wanda ya taɓa ganin mai tsakuwar ƙoda ba zai manta ba. Mutum ne ƙaƙƙarfa za a kawo shi asibiti yana riƙe da kwiɓi, gumi na tsattsafo masa, ya kasa zama ya kasa kwanciya, ciwon na sauka daga baya zuwa mara. Idan tsakuwar ta fita da fitsari aka tace ta, sai ka ga ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Da ya samu sauƙi, tambayarsa ta farko ita ce: "Wane ganye zan sha kada abin nan ya dawo?" Yana da gaskiya ya tambaya, domin kusan rabin masu tsakuwar nan tana komo musu cikin shekara biyar zuwa goma.

'Yan'uwa, mu fara da yadda take haɗuwa. Yawancin tsakuwar ƙoda, kusan kashi 80 cikin 100, ta kalsiyam ce, galibi haɗe da wani sinadari mai suna okzalet. Idan fitsari ya yi kauri, su biyun sai su manne su zama ƙananan ƙwayoyi, su maƙale a jikin ƙoda, su yi ta girma a hankali.

A nan tsirrai ke shigowa. Lemun tsami da lemun zaƙi suna ɗauke da sitiret. Shi sitiret yana kama kalsiyam a cikin fitsari tun kafin okzalet ya same shi, kuma yana hana ƙwayoyin manne wa juna. Amfaninsa ya tabbata har likitoci suna rubuta maganin potasiyam sitiret ga wanda aka auna fitsarinsa aka ga sitiret ya yi ƙasa. Shi ya sa nake son ganin mutum yana matsa lemun tsami a ruwan shansa, ba tare da ya tula sukari ba. Yawan cin 'ya'yan itace da kayan lambu ma yana rage tsamin fitsari, sitiret ya ƙaru. Akwai kuma fayitet, wanda ake samu a wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba. Shi ma yana hana ƙwayoyin kalsiyam girma.

Sai sinadaran da ake yi wa kirari da masu kare ƙoda, irin su kwasetin na albasa da tuffa, da katekin na koren shayi. A ɗakin gwaji, da kuma jikin ɓeraye, an ga suna rage ɓarnar da okzalet ke yi wa ƙwayoyin halittar ƙoda. Labari ne mai daɗi, ina kuma fatan binciken ya yi nisa. Amma ɓera ba mutum ba ne. Ka ci albasarka da tuffarka a matsayin abinci, kada wani ya sayar maka da kwalba da sunan tana narkar da tsakuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da nake yawan ji, wai "ai ganye ne, ba ya illa". Wallahi yana yi. Wani ɓangaren okzalet ɗin nan kansa daga tsirrai yake fitowa. Alayyafo da cakulan da baƙin shayi duk suna da shi. Ƙwayoyin kurkum da ake sha kullum suna ƙara shi a fitsari, haka ma ƙwayoyin bitamin C masu ƙarfi, don jiki yana mayar da wani ɓangarensu okzalet. A farkon shekarun 1990, a Beljiyam, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiro mai suna Aristolochia. Da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma suka samu kansar mafitsara. Su ma ganye suka sha.

Wani kuskuren shi ne daina shan madara don gudun kalsiyam. Kalsiyam na abinci yana kama okzalet tun a hanji, su fita tare da bayan gida. A 2002 an wallafa wani bincike daga Italiya da ya nuna mazan da suka ci kalsiyam daidai, suka rage gishiri da nama, tsakuwarsu ta fi ƙarancin dawowa a kan waɗanda aka rage wa kalsiyam.

Duk wannan kuwa ba zai yi aiki ba in babu ruwa. Wanda ya taɓa yin tsakuwa ana so ya sha har fitsarinsa ya kai lita biyu da rabi a rana. Ka duba launinsa, in ya yi rawaya mai duhu, ka ƙara shan ruwa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta.

Mai ciwon ƙoda dama, ina roƙonka kada ka fara shan wani tsimi ko potasiyam sitiret sai da izinin likita, don potasiyam na iya taruwa a jini ya taɓa zuciya. Idan kuwa ciwon kwiɓi ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya tsaya, a ajiye lemun tsami a nufi asibiti a daren.