Kalmomin at, in da on a lokutan yini na Turanci

At, in da on ƙananan kalmomi ne da Turanci ke sanyawa gaban sunan lokaci domin nuna sa'ar da abu ya faru. A Hausa kalmar "da" ita kaɗai ke ɗaukar kusan dukkan wannan aiki, kamar a "da asuba", "da hantsi", "da la'asar" da "da ƙarfe biyu", shi ya sa rarrabe ukun ke wahalar da ɗalibai a makarantun Katsina da Daura.

Ƙa'ida

Ana amfani da at ga lokacin da aka ƙayyade daidai: at six o'clock, at noon, at midnight, at dawn. Ana amfani da in ga ɓangaren yini mai faɗi: in the morning, in the afternoon, in the evening. Idan kuwa aka ambaci sunan rana, on ce ke shiga ko da an haɗa da safiya, don haka on Monday morning ake cewa. Dare ya fita daban, domin at night ake faɗa idan ana nufin dare gaba ɗaya, in the night kuma yakan nuna wani abu da ya auku cikin wani dare guda. Tonight da this morning ba sa ɗaukar komai a gabansu.

Tarihi

O'clock gajartawa ce ta of the clock, kamar yadda Bahaushe ya ɗauki "ƙarfe" daga ƙarfen da ake bugawa don sanar da awa. Noon ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin awa ta tara bayan fitowar rana, wato wajen ƙarfe 3 na rana, sannan ma'anarta ta koma tsakar rana, ana jin tsakanin ƙarni na 12 da na 14. Haruffan a.m. (kafin tsakar rana) da p.m. (bayan tsakar rana) su ma daga Latin suke, kuma ba sa hana at zuwa.

A ƙasar Hausa koyar da irin waɗannan ƙa'idoji ya yi ƙarfi ne da kafa Kwalejin Katsina a 1921 ko 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, kuma an san ɗalibanta da tsabtar Turanci. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta zauna a Zariya, inda a yau ake kiranta Kwalejin Barewa.

Wuraren tuntuɓe

A Najeriya an saba cewa by four ana nufin ƙarfe huɗu daidai, alhali a daidaitaccen Turanci ma'anarta ita ce kada a wuce ƙarfe huɗu. Abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma malamai ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne lissafin dare. A al'adar Musulunci dare ke riga yini, saboda haka "daren Juma'a" na farawa ne da faɗuwar ranar Alhamis, amma on Friday night dare ne na bayan yinin Juma'a. Mai rubuta katin gayyatar ɗaurin aure da harsunan biyu yana iya raba baƙinsa tsakanin ranaku biyu daban-daban idan bai lura ba.

Saɓani

Mutanen Ingila suna cewa at the weekend, na Amurka kuma on the weekend. Dukkansu karɓaɓɓu ne.